Fada Edward Flanagan: Uban Yaran Da Kotu Ta Gaji Da Su

Iyayen da ɗansu ya gagara har 'yan sanda suka fara sallama a ƙofar gida sun san ciwon tambayar nan: ina za a kai shi? Fada Edward Flanagan ya ƙare rayuwarsa yana nema wa irin waɗannan yara wurin zuwa ban da kurkuku.

An haife shi a ƙasar Ayilan ran 13 ga Yuli, 1886. Ya tafi Amurka a 1904, aka naɗa shi firist na Katolika a 1912, aka tura shi jihar Nebraska. A birnin Omaha ya fara da buɗe masauki domin magidantan da ba su da aiki ko wurin kwana. Da ya yi ta sauraron labarinsu, sai ya lura yawancinsu tun suna yara aka yi watsi da su. Daga nan ya shiga zuwa kotun yara, yana roƙon alƙalai su ba shi amanar waɗanda za a kulle.

Ran 12 ga Disamba, 1917, ya ranci dala 90 ya kama hayar wani gida, ya fara da yara biyar. Kafin a jima gidan ya cika. A 1921 suka koma wata gona a yammacin Omaha, wadda daga baya aka sani da suna Boys Town, wato garin samari. Babu katanga, babu kulle. Akwai makaranta da koyon sana'a, yaran kuma su ke zaɓen shugaban garinsu. Ya karɓi baƙi da farare, Katolika da waɗanda ba Katolika ba, abin da ya jawo masa ƙiyayya a Amurkar wancan zamani.

Ba kullum ya yi nasara ba. A 1931 wani yaro mai shekara 12, Herbert Niccolls, ya harbe shugaban 'yan sandan wata gunduma a jihar Washington, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a kurkukun manya. Flanagan bai ce laifin ƙarami ba ne, gama rai aka ɗauka. Abin da ya roƙa shi ne a ba shi yaron ya rena. Gwamna Roland Hartley ya ƙi. Sai a 1941 yaron ya fito.

A 1946 ya ziyarci Ayilan, ya fito fili ya soki gidajen horon yara na ƙasar, ko da yake yawancinsu na hannun Ikilisiyarsa ne. Hukumomi suka yi fushi da shi. Binciken gwamnatin Ayilan da aka buga a 2009 ya tabbatar an azabtar da yara a gidajen nan.

Yana Jamus yana duba halin marayun yaƙi ciwon zuciya ya kama shi, ya rasu a Berlin ran 15 ga Mayu, 1948. An binne shi a Boys Town.