Audu Baƙo: ɗan sandan da ya tare wa Kano ruwa

Duk wanda ya shiga kasuwar Tarauni a tsakiyar rani ya tarar da kwandunan tumatir da albasa jere kamar damina ba ta wuce ba, yana cin gajiyar aikin wani mutum da ya rasu tun 1980. Mafi yawan matasan Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi sun san sunansa ne ta Gidan Zoo da ke maƙwabtaka da su, inda ake kai yara yawon Sallah, ko ta sakatariyar gwamnatin jiha. Amma babban abin da Audu Baƙo ya bari yana can kudu da birni, a Tiga.

An haife shi a 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa yake aiki. Ya yi karatu a Kaduna da kuma Makarantar Midil ta Zariya, ya shiga aikin ɗan sanda a 1942. Ya koyar da dokokin aiki a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, daga bisani aka ɗora masa kula da 'yan sandan En'e na Jihar Arewa. Wannan muƙami ya nuna masa cikin mulkin gargajiya da idonsa, ƙarfinsa da kuma ɓarnarsa.

A ranar 27 ga Mayu, 1967, ƙasa na dab da faɗawa yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12. Audu Baƙo aka turo Kano. Jihar a lokacin ta haɗa da duk Jigawa ta yau, da masarautu huɗu: Kano, Haɗeja, Gumel da Kazaure. Kusan komai na gwamnati yana Kaduna, don haka daga tushe ya fara. Majalisarsa ta kwamishinoni ta tara mutanen da a jamhuriya ta farko ba sa ga maciji da juna: Maitama Sule daga NPC, Tanko Yakasai daga NEPU, ga Aminu Ɗantata daga fagen kasuwanci, ga Inuwa Dutse a ma'aikatar gona. Ya kuma raba jihar zuwa yankunan mulki, abin da ya rage ƙarfin En'e a kan talaka. Ba kowa ne a fada ya ji daɗin haka ba.

Sai dai zuciyarsa tana gona. Abin da ya dame shi abu ne da kowane manomin Kano ya sani: ruwan sama na wata huɗu ne ko biyar, sauran shekara sai zaman jira ko tafiya cin rani. Kogin Kano kuwa yana cika ya tumbatsa da damina, ruwan ya wuce gabas, da rani ya koma rairayi. Dabararsa ita ce a tare ruwan damina a ajiye shi. An fara da madatsar Bagauda, wadda ta ba gonakin gwaji na Kadawa ruwa. Daga nan aka shiga aikin Tiga a 1971, aka kammala a 1974. Tafkin da ya taru a bayanta yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Ba a buƙatar injin turawa: ruwan yana gangarowa da kansa ta babbar magudana, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi har cikin gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan hekta 22,000.

Abin lura shi ne lokacin da aka yi wannan aiki. Ana tsakar gina Tiga fari ya afka wa yankin Sahel, daga 1972 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, gero ya ƙone a gona. Dalar gyaɗa da Kano take alfahari da ita ta fara ɓacewa a waɗannan shekaru. Masu ganin madatsun ruwa almubazzaranci ne sai bakinsu ya mutu. Wani abin a yaba shi ne hukumar WRECA da gwamnatinsa ta kafa, wadda ta horar da injiniyoyin gida har suka riƙa gina madatsu da hannunsu, maimakon jiran kamfanonin ƙetare a kowane aiki.

Ya kuma so jihar ta zama wurin zuwa, shi ya sa ya gina otal a gefen tafkin Bagauda da wani a Tiga, ya kafa Gidan Zoo a farkon shekarun 1970. Otal-otal ɗin ba su riƙe darajarsu ta farko ba. Gidan namun dajin dai yana nan.

Ruwan da aka tare a sama kuwa, wani ne ya rasa shi a ƙasa. Manoma da masunta da makiyayan fadamun Haɗeja zuwa Nguru sun dogara ne da ambaliyar shekara-shekara wajen noman shinkafa da kamun kifi da kiwo. Bayan Tiga, sannan madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ambaliyar ta ragu, yanayin gudun kogin ya sauya, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Akwai kuma ƙauyukan da aka tasa domin tafkin ya samu wuri. Tarihin da ya lissafa tumatir ɗin Kadawa bai kamata ya tsallake wannan ba, musamman da yake mutanen Haɗeja su ma talakawansa ne a wancan lokaci.

Mulkinsa ya ƙare ranar 29 ga Yuli, 1975, da juyin mulkin da ya kawo Murtala Muhammad, ɗan Kano. Kanar Sani Bello ya gaje shi. Kwamitin binciken kadarori da sabuwar gwamnati ta kafa ya wanke gwamnoni biyu ne kawai cikin goma sha biyu, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Yamma. Audu Baƙo yana cikin goman da hukuncin ya hau kansu. Kanawa ba su ɗauki wannan a matsayin kalmar ƙarshe a kansa ba. Har yau idan ana auna sabon gwamna, da shi ake fara gwadawa, kuma dattawa da yawa ba sa ganin an kamo shi.

Bai nemi komawa mulki ba. Ya koma gona, ita ce sana'arsa a shekaru biyar da suka rage masa. Kwalejin aikin gona ta Ɗambatta tana ɗauke da sunansa, ragamar Tiga da gonakin Kadawa kuwa ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976, shekara guda bayan saukarsa.