Tokushichi Mishima: Masanin da Ya Haɗa Ƙarfe da Alminiyam Ya Samar da Sabon Maganaɗisu

An haifi Tokushichi Mishima a ranar 24 ga Fabrairun 1893 a tsibirin Awaji da ke ƙasar Japan. Sunan gidansu na asali Kizumi, daga baya ya ɗauki sunan iyalin Mishima. Ya karanci ilimin sarrafa ƙarafa a Jami'ar Tokyo, inda ya ci gaba da koyarwa har ya zama farfesa.

A wancan zamani, maganaɗisu mafi ƙarfi shi ne ƙarfen KS, wanda Kotaro Honda ya ƙirƙiro a 1917. Sai dai yana cin sinadarin kobal mai yawa, kobal kuwa yana da tsada. A 1931 Mishima ya gano cewa idan aka zuba alminiyam a cikin gaurayen ƙarfe da nikel wanda ba ya jan komai, sai ya koma maganaɗisu mai ƙarfi, duk da cewa shi kansa alminiyam maganaɗisu ba ya kama shi. Aka sa wa sabon haɗin suna MK, daga harufan farko na sunayen iyalansa biyu. Ya fi KS araha, ya kuma fi shi riƙe ƙarfinsa.

Sai daga baya masana suka fahimci sirrin. Yayin da narkakken haɗin ke hucewa, yakan rabu gida biyu: ƙananan ƙwayoyi masu yawan ƙarfe, a dashe cikin gaurayen nikel da alminiyam. Da nanomita ake auna ƙwayoyin, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ƙanƙantarsu da sifarsu ne ke hana alkiblar maganaɗisun juyawa cikin sauƙi.

Daga wannan aiki aka samu dangin maganaɗisun Alniko, wanda ya shiga lasifika da makirufo da janareta da na'urorin awo. Ko bayan bayyanar maganaɗisun niyodimiyam a shekarun 1980, masana'antu ba su daina amfani da Alniko ba, saboda yana jure zafi mai tsanani.

Japan ta karrama Mishima da lambar yabo ta al'adu a 1950. Ya rasu a ranar 19 ga Nuwamban 1975. A 1985 hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta ƙasar ta sanya shi cikin manyan masu ƙirƙira goma na tarihin Japan.