Jimi Hendrix: Bahagon da ya sa jita ta yi magana

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Wurno, Rabah ko Goronyo ya san yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata, ya saki, har kiɗan ya koma kamar magana. Abin da Jimi Hendrix ya yi wa jita ke nan, sai dai shi da ƙafa ya yi nasa.

An haife shi a birnin Seattle na Amurka ranar 27 ga Nuwamba, 1942, a gidan talakawa baƙaƙen fata. Yana da shekara 15 mahaifiyarsa ta rasu, kuma a shekarar ce ya mallaki jitarsa ta farko, wadda aka saya dala biyar. Da yake bahago ne, sai ya riƙa juya jitar masu hannun dama yana sake jera tsirkiyoyinta.

Ya shiga aikin soja a 1961, aka sallame shi bayan shekara guda. Daga nan ya yi ta yi wa manyan mawaƙa irin su Little Richard kiɗa, ba tare da an san da zamansa ba. Sai da ya koma Landan a 1966 tauraronsa ya haska.

A ƙarshen shekarar ne wani injiniya, Brad Plunkett, ya ƙera na'urar da ake kira wah, ta shiga kasuwa a 1967 da sunan kamfanin Vox. Takata ake yi kamar totur ɗin mota. Idan aka danna da yatsu sautin ya yi siriri, idan aka mayar da dunduniya ya yi kauri. Ana haɗa biyun sai a ji kamar jariri na kuka, shi ya sa aka sa wa wani samfurinta suna Cry Baby.

Hendrix ya yi amfani da ita a waƙar Burning of the Midnight Lamp a 1967, sannan Voodoo Child a 1968, wadda har gobe masu koyon wah ke gwada ƙafarsu da ita. Neman irin wannan sauti na cikin abin da ke sa makaɗa farautar tsofaffin na'urorin zamanin da tsada, duk da sababbi sun cika kasuwa.

Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe. Ranar 18 ga Satumba, 1970, ya mutu a Landan bayan ya sha ƙwayoyin barci, amai ya shaƙe shi. Shekarunsa 27.

Amma kiɗansa ya iso har Sahara. Bombino, makaɗin Agadas a Nijar, yana cikin waɗanda suka koyi jita ta hanyar kallon bidiyonsa.