Jean Rouch, injiniyan da ya ɗauki 'yan Hauka a fim

A hutun da ya wuce ina gida Kirikasamma wani abokina ya turo min wani tsohon fim a waya, ya ce in kalla in ina da ƙarfin zuciya. Dariya na yi masa. To, ranar dai ban iya cin tuwon dare ba. Shi ya sa na bi diddigin wanda ya yi shi, wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch.

An haife shi a birnin Faris a 1917. 'Yan sashen injiniya ku saurara, domin naku ne: gina hanyoyi da gadoji ya karanta, kuma aikin hanya ne ya kawo shi Nijar a 1941. Yana cikin wannan aiki tsawa ta faɗa wa leburorinsa ta kashe goma. Abokinsa Damure Zika ya kai shi wurin kakarsa, wadda ta jagoranci irin borin da Zabarmawa ke yi in aradu ta yi kisa. Daga nan hankalinsa ya bar kwalta ya koma kan mutane. A 1946 shi da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a kwalekwale, da kyamara a hannunsa.

Fim ɗin da na kalla shi ne Les Maîtres Fous, wato mahaukatan iyayengiji, wanda ya ɗauka a Akra ta ƙasar Gwalkwas a 1954. Farkonsa lafiya lau. 'Yan ci-rani ne daga Nijar, masu dako da leburori, kowa na neman na kansa a birnin da ba nasa ba. Sai ranar Lahadi su fita bayan gari. Nan ne labari ya canja. Ido ya kafe, kumfa na dalala daga baki, jiki na karkarwa, wani na kara wuta a jikinsa ko gezau. Aljanun da suka hau su kuwa Turawan mulki ne: wannan Gwamna, wancan Janar, ga kofur ɗin gadi, ga matar likita. Suna fareti, suna sara wa juna, suna zaman shawara. Daga ƙarshe suka yanka kare, suka sha jinin, suka riƙa tsoma hannu a tafasasshiyar tukunya suna ciro nama. A nan na kife wayar.

Sunan abin ma namu ne. Hauka ake kiransa, ya ɓullo a yankin Filinge wajajen 1925, kuma Faransawa sun kulle masu yinsa.

Da aka fara nuna fim ɗin a Faris, malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke wurin su ma suka fusata, don sun san Bature zai ga abin da dama yake son gani. Ingilishi suka haramta shi a Gwalkwas, saboda an gwada Gwamnan 'yan Hauka da nasu Gwamnan na gaske. Rouch ya ƙi janyewa, hujjarsa ita ce masu abin ne da kansu suka gayyace shi. A 1957 fim ɗin ya ci kyauta a Banis ta Italiya.

Ni dai ina bayan ɗaliban nan, har yanzu. Mu da muka taso muna ganin yarinya ta faɗi a makaranta an ce aljanu ne, ba za mu so baƙo ya ɗauke ta ya kai ƙasarsu a kalla ba. Amma wurin da ya fi tsaya min a rai ba na karen ba ne. Washegari ne, da ya nuna mutanen nan sun koma bakin aiki suna murmushi, wasunsu na haƙa rami a gaban asibitin mahaukata na Akra.

Bai rabu da Nijar ba. Ya yi fina-finai sama da ɗari, kuma shi ya fito da Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama babban darakta. Ranar 18 ga Fabrairun 2004 ya yi haɗarin mota kusa da Birnin Konni, yana da shekara 86. A Yamai aka binne shi.