Oliba Tambo: Mutumin Da Ya Riƙe Amana Shekara 30 A Baƙon Wuri

 

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kowa ya san sunan Mandela. To amma lokacin da Mandela ke kurkuku tsawon shekara 27, wa ya riƙe ƙungiyarsu ba ta watse ba? Amininsa ne, Oliba Tambo.

An haifi Tambo ranar 27 ga Oktoba 1917 a ƙauyen Nkantolo, kusa da Bizana, a Afirka ta Kudu. Ɗan manoma ne, ya yi kiwo yana yaro kamar yawancinmu. Allah ya ba shi kaifin ƙwaƙwalwa, har ya kai jami'ar Fort Hare ya samu digiri na kimiyya a 1941. Shekarar da ta biyo baya aka kore shi saboda yajin ɗalibai, sai ya koma Johannasbag yana koyar da lissafi da kimiyya.

A 1944 shi da Mandela da Walta Sisulu suna cikin waɗanda suka kafa reshen matasa na ƙungiyar ANC. Bayan shekara huɗu gwamnatin Turawa tsiraru ta mayar da wariyar launin fata doka. Baƙar fata ba ya zaɓe, ba ya zama inda ya ga dama, kuma dole ya riƙa yawo da takardar izini a ƙasar kakanninsa. A 1952 Tambo da Mandela suka buɗe ofishin lauyoyi, talakawa suka riƙa yin layi a ƙofarsu.

Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a Shafbil, suka kashe mutum 69. Da ma shugabannin ANC sun hango za a haramta ƙungiyar, don haka suka umarci Tambo ya fita waje ya zama bakinsu. Cikin 'yan kwanaki ya tsallaka ƙasar da yau ake kira Botsuwana. Ba gudu ya yi ba, aike ne. Kuma bai sake taka ƙasarsa ba sai bayan shekara 30.

Mu da muke nan yankin Tamanrasat, da yawa cikinmu iyayenmu daga Agadas ko Tawa ko Maraɗi suka zo, mun san ɗacin zaman baƙunci. Matarsa Adilaid tana Landan tana aikin jinya don ta ciyar da yara uku, shi kuwa yau yana Tanzaniya, gobe Zambiya, jibi Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1964 aka yanke wa Mandela da Sisulu ɗaurin rai da rai. A 1967 shugaban ƙungiyar, Albat Lutuli, ya rasu. Kun ga kaya duk ya dawo kan Tambo.

Aikin ba sauƙi. Masu gudun hijira sun gaji, suna ƙorafi cewa manya sun manta da su. Maimakon ya toshe kunne, sai aka kira babban taro a Morogoro ta Tanzaniya a 1969, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, aka yi gyara. Bayan boren ɗaliban Soweto na 1976 kuma, matasa suka yi ta kwararowa waje, ƙungiyar ta gina musu makaranta a Mazimbu don kada karatunsu ya yanke.

Ita ma Aljeriya da hannunta a ciki. ANC ta yi ofishi a babban birnin ƙasar nan. A 1974, lokacin da Abdul'aziz Butaflika ke shugabantar babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, aka hana wakilan gwamnatin wariya zama a zauren. Najeriya kuwa ta buɗe asusun taimako, ma'aikata da ɗalibai suka zuba abin da ya sawwaƙa.

Wahala ta ci jikinsa, a 1989 ya samu shanyewar ɓarin jiki. A Fabrairun 1990 aka janye haramcin ANC, aka saki Mandela. Tambo ya koma gida a Disambar wannan shekara. A taron Darban na 1991 ya miƙa wa Mandela shugabanci ba gardama, ba wani ai ni na sha wuya. Ya rasu ranar 24 ga Afrilu 1993, saura shekara ɗaya a yi zaɓen farko da baƙar fata suka jefa ƙuri'a tare da kowa. Ya shuka, bai ga girbi ba. Yau babban filin jirgin sama na Johannasbag sunansa yake amsawa.

Tambo Kirista ne, ba addininmu ɗaya ba, amma halin da ya nuna shi malamanmu ke karantar da mu kullum: abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne, kome daɗewarsa a hannunka. Ko kuɗin aike ne, ko littafin aro, ko shugabancin aji, ranar da mai shi ya zo a mayar masa cikakke.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana, ya mayar da kowane baƙo gida lafiya. Amin.