Dick Tiger, ɗan damben da ya fara a makare

Samarinmu da ke cewa lokacin koyon boksin ya wuce musu, su ji labarin Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger. An haife shi a Amaigbo, ƙasar Ibo a Najeriya, a 1929. Da sayar da tsofaffin kwalabe a kasuwar Aba ya fara neman abinci, kuma sai da ya haura shekara ashirin ya shiga damben kuɗi, a 1952.

A 1955 ya tafi Liverpool a Ingila. Ƙarfi akwai, juriya akwai, amma salo da saura. Karawarsa huɗu ta farko duk ya sha kaye. Da wani ne, da ya tattara ya koma gida. Sai manaja Tony Vairo ya ɗauke shi, ya haɗa shi da koci Maurice Foran, wanda ya gyara masa hannu. A 1957 ya doke Terry Downes, a 1958 ya ci kambun daular Birtaniya na matsakaicin nauyi.

Da ya koma New York a 1959, ya sake zama ɗalibi a hannun Jimmy August. Yana da shekara 33 ya ƙwace kambun duniya daga Gene Fullmer a 1962, ya sake doke shi a Ibadan a 1963. A 1966 ya hau nauyi na gaba, ya kayar da José Torres.

Ya goyi bayan Biyafara, yaƙin kuma ya cinye dukiyarsa. Ciwon dajin hanta ya yi ajalinsa a Aba ranar 14 ga Disamba, 1971.