Muhammadu al-Kashinawi: malamin Katsina da ya zauna a kan lissafin hatimi

Masu saurarenmu na Madarunfa da ƴan uwa da ke ƙetare, kusan kowa ya taɓa ganin hatimi a allon malam. Amma kaɗan ne suka san cewa wani malami daga Katsina, nan kusa da mu, ya rubuta littafi kan lissafin da ke cikinsa kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasar Hausa da Barno, sannan ya kama hanyar hajji wajen 1730. Bai dawo gida ba. Ya zauna a Alƙahira ta Masar, inda aka san shi da ilimin taurari da lissafi da sirrin haruffa.

A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ da Larabci, ya bayyana yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato 3 ko 5 ko 7 a kowane gefe. Ku ɗauki ƙaramin: gida 9, a zuba 1 zuwa 9 ba maimaici. Kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, jimillarsa 15, kuma 5 ce ke tsakiya. Wannan yaro ma zai iya lalubo shi. To, in gidajen sun yi yawa fa? Nan lalube ba ya aiki, dole sai da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ce aikin wannan malami: inda za a ajiye lamba ta farko, yadda za a taka zuwa ta gaba, da abin yi in an faɗa wajen hatimin ko an tarar da gida a cike.

Mu gwada da 99, tunda mutanen Madarunfa sun san wannan adadi da waliyyan bakin tabki. Hatimi mai 99 a kowane gefe yana da gida 9,801. Lambar tsakiyarsu ita ce 4,901. A ninka ta sau 99, sai a samu 485,199, kuma kowane layi dole ya ba da wannan, ba ƙari ba ragi. Layi 99 a tsaye, 99 a kwance, 2 a karkace: layi 200 ke nan, duk amsa ɗaya.

Gaskiya ne shi da mutanen zamaninsa sun haɗa wannan ilimi da asiri, malamai kuma sun daɗe da saɓani a kan hakan. Lissafin kansa dai ba ya buƙatar a yarda da kowa. Mai shakka ya ɗauki alƙalami ya tara da kansa.

Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya rubuta labarinsa daga baya. Allah ya jiƙansa.